Abin da ya sa ba a raɗa wa fayil suna random.py

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa, na ga saƙonka. Ka ce ka rubuta ɗan shiri da Python, ka adana shi da sunan random.py, da ka kunna sai ya ce maka mojul ɗin random, wato fayil ɗin Python da ake shigo da shi don zaɓen lambobi a kan sa'a, ba shi da aikin nan randint. Kana kuma tambaya ko dokokin da manyanku ke kafa muku a wurin aiki, wato kada a sa wa fayil sunan mojul, kowane aiki da venv ɗinsa, wato keɓaɓɓen wurin ajiye kayan Python na aikin, a daina taɓa sys.path, wato jerin foldodin da Python ke neman mojul a ciki, al'ada ce kawai da aka gada ko akwai dalili.

Al'ada ce, amma duka ukun tushensu ɗaya. Idan ka ce import, wato ka nemi a shigo da mojul, Python wanda ya fara cin karo da shi yake ɗauka, ba ya tambayarka ko shi ka nufa. Yana fara leƙa sys.modules, inda yake ajiye abin da ya riga ya shigo da shi. Idan babu, sai mojul ɗin da ke cikin jikinsa, irin su sys. Daga nan sai ya bi foldodin da ke cikin sys.path ɗaya bayan ɗaya: foldar da fayil ɗinka yake ita ce ta farko, sai waɗanda aka lissafa a saitin PYTHONPATH idan an saka, sai laburaren da Python ya zo da shi, a ƙarshe site-packages inda pip, manhajar sauke kayan Python, ke zuba kaya. To ka ga inda aka samu matsala. Ka yi wa random takwara, ka zaunar da shi a bakin ƙofa, da aka kira sunan sai shi ya amsa. Fayil ɗinka kansa ya shigo da kansa.

Kafin ka taɓa komai, ka tambaye shi wa ya ɗauko. Ka rubuta import random, sai print(random.__file__). Idan ya nuna foldar aikinka, magana ta ƙare: ka canza sunan, ka mayar da shi gwajin_sa_a.py ko wani abu da ba shi da takwara. A zamanin Python 2 sai an bi random.pyc an goge, domin yana zama kusa da fayil ɗin ya ci gaba da amsa kira. A Python 3 yana cikin __pycache__, kuma ba a kula shi idan asalin fayil ɗin ba ya nan. Daga sigar 3.13 ma saƙon kuskuren da kansa yake ba ka shawarar canza suna.

Wanda ya fi ban haushi shi ne wanda bai fito fili ba. Kai ba ka kira random ba, amma wani mojul na Python, tempfile, yana kiransa a ciki, sai ya faɗi a wurin da ba ka taɓa rubuta komai ba. Haka fayil ɗinka mai suna email.py ke karya laburaren requests, mai suna code.py kuma ke karya pdb, mojul ɗin binciken kuskure. Duk sanda kuskure ya fito daga cikin laburaren da kowa ke amfani da shi lafiya, ka fara duba sunayen fayilolinka.

Maganar venv kuwa, kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da Python biyu ko uku, kowanne da site-packages nasa. Sai ka ce pip install, kayan su sauka a gidan wannan, ka kunna shirin da wancan, ya ce ModuleNotFoundError. Ka buga print(sys.executable) ka ga wanda ke aiki, sannan python -m pip --version ka ga inda pip ɗinsa yake. Shi ya sa ake cewa a riƙa rubuta python -m pip install, don wanda zai kunna shirin shi ne ya karɓi kayan. Tun sigar 3.3 venv yake zuwa tare da Python: python -m venv .venv, ka kunna shi, shi ke nan. A Debian 12, wani nau'in Linux, ma idan ka nemi zuba kaya a Python na tsarin kwamfutar, pip ƙi zai yi, ya ce externally-managed-environment. Kada ka tilasta shi, akwai manhajojin tsarin da suka dogara da wannan wurin.

Ka kuma lura sunan da ake saukewa da shi ba lallai ya zama na kira ba. Pillow ake saukewa, PIL ake kira. Akwai fakiti, wato ƙunshin mojul, mai suna serial da wani mai suna pyserial, dukansu foldar serial suke zubawa, ɗaya ya tattake ɗaya. Idan sun haɗu, ka cire su duka biyun, ka sake sauke pyserial kaɗai.

Shi kuma sys.path.append, wato ƙara folda a jerin da hannu, ban hana ka gwada shi na minti biyar ba, amma barin sa cikin aiki gudun gara ne a faɗa gidan zago. A ƙarshen jeri yake saka foldar, don haka takwaran da ke gaba shi zai ci gaba da amsawa. Idan ka koma insert a lamba 0, kai ne za ka rufe wani. Kuma hanyar da ka rubuta ta kwamfutarka ce, a ta abokin aikinka babu ita. Idan abin da ya kai ka can shi ne kuskuren nan na attempted relative import, ka tsaya a babbar foldar aikin ka kira shi da python -m fakiti.mojul, domin da -m foldar da kake tsaye a ciki ce ke shiga farkon jerin. In aikin ya girma, ka yi masa pyproject.toml, fayil ɗin da ke bayyana aikin a matsayin fakiti, ka buga python -m pip install -e . a cikin venv ɗin.

Ka turo min abin da __file__ da sys.executable suka nuna idan bai warware ba. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka