Zan iya liƙa aksil mai roba a jikin shasi da walda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne a Garwa. Wani Alhaji ya kawo mini aksil biyu na hannu da ya sayo daga Duwala, irin waɗanda ba su da sifirin, sai roba a cikin bututu. Kowanne an rubuta masa kilo 1300. Yana so in haɗa masa ƙaramar tirela mai tsawon mita 4, wadda Hilux ɗinsa za ta riƙa ja da buhunan masara da albasa tsakanin Marwa da Kusuri. Kunnuwan aksil ɗin, wato ƙarafan da ake ɗaure shi da su a jikin shasi, ba su zo daidai da faɗin shasin da na riga na yanka ba. Zan iya cire su in liƙa bututun da walda kai tsaye? Kuma a ina ya kamata in aza su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kafin ka kunna inji.

Kada wuta ta taɓa wannan bututu, ko da ɗigon walda ɗaya ne. Dalilin yana cikinsa. Da za ka yanka irin na kamfanin Dexter na Amurka, za ka ga bututu mai kusurwa huɗu, a tsakiyarsa sandar ƙarfe ita ma mai kusurwa huɗu amma a karkace, sannan igiyoyin roba huɗu masu kauri a cuse a lungunan da suka rage. Na AL-KO na Jamus kuwa bututun kusurwa shida gare shi, na cikin uku, robar ma uku. A bakin sandar nan ake kafa hannun da ke riƙe taya. Idan taya ta faɗa rami, hannun ya ɗaga, sandar ta murɗa, ta matse robar, robar ta mayar da ita mazauninta. Wato robar nan ita ce sifirin, ita ce kuma mai shanye girgiza. Zafin walda yana bin ƙarfe ya dafa ta, ta bushe ko ta narke, kai kuma ba ka gani tunda tana ciki. Ranar da aka loda kaya sai a ga gefe ɗaya ya durƙusa, taya tana gugar madigadi. Da matsi mai ƙarfi ake cusa robar a masana'anta, ba abin da za a canza a garejin bakin hanya ba ne. Aksil ɗin ya tashi aiki ke nan.

Saboda haka kunnuwan su zauna inda kamfani ya sa su, shasin ne zai bi aksil. In ba ka yi nisa ba, sake auna faɗin dogayen ƙarafan shasin su hau kan kunnuwan daidai. In ka riga ka haɗa, nemo faranti mai kaurin milimita 8 ko ƙarfen kwana mai kauri, ka yi masa mazauni a ƙarƙashin shasin, ka gama waldarka aksil yana can gefe, ƙarfe ya huce, sannan ka huda ka ɗaure da ƙusoshi masu noti. Wannan yana da wata riba: wutar injin walda in ta ratsa ta cikin boris takan ƙona masa fuska, bayan 'yan watanni ya fara kuka.

A nan ne nake so ka natsu. Sifirin yana raba nauyi a wuri biyu masu tazara a jikin shasi, shi kuwa wannan a wuri ɗaya yake tara shi, ga kuma murɗawar da hannun ke yi a duk rami. Shasi mara ƙwari a daidai nan yake tsagewa. Ƙara ƙarfe a ƙarƙashin dogon ƙarfen ya zarce kunnen da kamar santimita 30 gaba da baya, ka gitta wani ƙarfen kusa da wurin ya haɗa dama da hagu. Waldar ta bi tsawon ƙarfen, kada ka gitta ta a ƙasansa, don daga irin wannan layi tsaga take farawa. In shasin na bututu ne, saka guntun fayif a cikin hudar, in ba haka ba noti zai matse bututun ya loɓa, ƙusa ta yi sako-sako. Ƙusar kuma duba kanta ka ga an buga lambar ƙarfinta, 8.8 ko 10.9. Mara lamba ta ƙofa ce da taga. Mai milimita 12 ta ajin 8.8 ana ɗaure ta wajen Nm 80 (ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifana mai awo), da noti mai kulle kansa.

Wurin azawa kuwa, hannayen suna kallon baya ne, tayar tana bin bututun. Don haka daga cibiyar taya ake awo. Masu auna daga bututu sukan tarar taya ta koma baya fiye da yadda suka so. A akwati mai mita 4, tsakiyar tayoyin biyu ta faɗo wajen mita 2.4 daga gaban akwatin, yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka kan ƙugiyar mota, muddin bai wuce ƙarfin ƙugiyar ba. In gaba ya yi sakayau, tirela za ta riƙa wutsiya da zarar an taka mota. Kafin ka huda, ɗaure komai da matsi, ja tef daga tsakiyar wurin ƙugiya zuwa cibiyar tayar dama, sannan ta hagu. Bambancin kada ya wuce milimita 3, in ya wuce tirela za ta tafi a karkace ta cinye taya. Bar santimita 7 zuwa 8 tsakanin taya da madigadi bayan an yi lodi. In ka ga bututun ya ɗan ɗago a tsakiya, haka aka ƙera shi, kada ka miƙar, kada kuma a kafa jak a jikinsa.

Yanzu ga abin da za ka gaya wa Alhaji, ko da ba zai ji daɗinsa ba. Aksil biyu masu sifirin suna da ƙarfen da ke daidaita musu nauyi, waɗannan kuwa kowanne gashin kansa yake ci. Idan tayar gaba ta hau tudu, ta baya takan yi sakayau, nauyin biyu ya koma kan ɗaya na ɗan lokaci, kamar mutum biyu da suka ɗauko buhu ɗaya ɗayan ya saki hannu. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga ya san sau nawa haka za ta faru a tafiya guda. Kilo 2600 da ke rubuce har da nauyin tirelar kanta. In ta kai kilo 600, saura 2000, buhu 20 ke nan masu kilo 100. Ni a wannan hanya ba zan yarda a wuce 15 ko 16 ba, balle aksil ɗin na hannu ne, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsufar da roba. Dole kuma tirelar ta tsaya daidai wa daida idan an rataya ta, in gabanta ya ɗaga aksil na baya zai sha wahala shi kaɗai. In Alhaji ya san ba zai iya hana yaransa ƙara lodi ba, gara ya sayar da su ya sa sifirin, wanda ko a ƙauye ya karye za a samu mai ɗaure shi.

Kafin ka ɓata ƙarfe, ajiye aksil biyun gefe da gefe ka dubi hannayen huɗu. In ɗaya ya kwanta fiye da sauran, ko ka ga baƙin garin roba yana zubowa daga bakin bututun, ko alamar man gas ya jiƙa wurin, a mayar wa mai shi. Nauyi irin wannan kuma yana buƙatar birki, a Turai ma duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da shi. In akwai wayoyin birki a jikinsu kada ka yanke, a nemo kan ƙugiyar da ke ja musu. Bayan tafiyar farko da kaya, Alhaji ya dawo maka da ita ka sake bin kowane noti da sifana, har da na tayoyi.