Amsa ga mai shirin kai iyali Tabuk a mota cikin Janairu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun da safe: za ka ɗauki hutu a Janairu, ka kwashi uwargida da yara daga Jidda zuwa Tabuk a motarka don su ga dusar ƙanƙara, kana son sanin ko akwai wani shiri na musamman tunda dai ƙasar zafi ce. Wasu sun ce maka rigar sanyi ta isa. Allah ya ba su haƙuri, ba ta isa ba. Na daɗe ina kai kaya arewa, kuma hanyar nan ta taɓa koya mini hankali.

Lokacin da ka zaɓa ya haɗa da ƙarshen abin da Larabawa ke kira Marba'aniyya, kwana 40 na tsananin sanyi da ke farawa a makon farko na Disamba. A Tabuk, Turaif da Arar, ruwa na daskarewa da asuba. Wanda ya san sanyin Jos ko hunturun Kano ya ɗauka ya gama sanin sanyi, to wannan wani abu ne daban, iskarsa har cikin ƙashi take shiga.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Na taso daga Madina bayan la'asar, ni da wani ɗan'uwa, da riga ɗaya da hula. Wai gaggawa muke yi mu kwana Tabuk, tafiyar kusan kilomita 700. Mun wuce Khaibar kenan sai yayyafi, kafin isha ya zama ruwa da ƙanƙara tana dukan rufin mota kamar ana watsa tsakuwa. Gilashi ya yi gumi daga ciki, ban ganin ko layin kwalta. Na murɗa hita, sai iska mai sanyi ta feso mana. Ashe wani bakanike da ya taɓa gyara mini lagireto a Jidda ya cire tiyon hita ya haɗe shi a waje, wai tana yoyo kuma ba wanda ke amfani da ita. Gaskiyarsa, shekara uku ban taɓa kunna ta ba balle in gane. Haka muka riƙa rarrafe, ɗan'uwana na goge gilashi da hularsa, ni yatsuna sun ƙage a sitiyari, har muka samu wani gidan mai kafin Taima muka faɗa masallaci. Wani direban tirela ɗan Sudan ya dube mu ya girgiza kai, ya koma motarsa ya kawo mana farwa ɗaya, wato babbar alkyabbar sanyi mai gashi ta Larabawa, da filas ɗin shayi. Mu biyu, manya da gemu, muka lulluɓa da ita har asuba. Da gari ya waye batir ya ce bai san zancen ba, sai da aka ja mana wuta.

Don haka fara da motar, tun kana Jidda. Yau ɗin nan ka kunna hita ka ji ko da gaske zafi take bayarwa. A zubar da ruwan famfon da ke lagireto a sa na kanti mai launi, wanda ba ya daskarewa. Batirin da ya haura shekara biyu a zafin Jidda ya riga ya gaji, sanyi ne kawai zai tona masa asiri. Robar waifa ma rana ta gasa ta, canja ta ba tsada. In gilashi ya yi gumi kada ka sa hannu, kunna AC tare da zafi ka juya iskar zuwa gilashin, nan take zai washe. In kuma ka tashi ka tarar da ƙanƙara ta manne a kansa, kul ka zuba ruwan zafi, tsagewa zai yi.

Hanya biyu ce, ko ta Madina, ko ta bakin teku ka bi Yanbu, Umluj, Wajh da Duba, kowacce wajen kilomita 1,000 ce ko fiye. Da yara na fi son ta teku don ta fi ɗumi, amma ka raba ta kwana biyu, kuma ka hau duwatsun Duba zuwa Tabuk da rana tsaka. Magariba ta same ku a masauki. Da dare ga hazo ga raƙuma, kuma raƙumi ba ya ɗauke da fitila.

Abin da ya fi ba ni tsoro dai ba dusar ba ce, ruwan kwari ne. Ƙasar nan ba ta shan ruwa. Sai a yi ruwa can kan duwatsu inda ba ka gani, kai kana cikin rana, kwatsam kwari ya cika ya hau kwalta da laka da itace. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100, sun san me nake faɗa. In ka ga ruwa na gudu ya yanke hanya, tsaya daga nesa a kan tudu, ko da ka ga wani mai Land Cruiser ya kutsa. Ka haɗa sallolinka ka jira, yawanci sa'o'i kaɗan ne ya janye. Ban da haɗarin ma laifi ne, tararsa daga riyal 5,000 zuwa 10,000. Ka adana 996 ta jami'an tsaron manyan hanyoyi, 998 ta Difa'ul Madani (masu kashe gobara da ceto), 997 ta motar asibiti, kuma kowace safiya ka duba sanarwar hukumar hasashen yanayi kafin ka tada mota.

A but ka sa bargo ga kowa, safa da hular sanyi ga yara, ruwa, dabino, wayar jan batir, kuma kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ka ja wa uwargida kunne kan gawayi: ba a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki ko tanti, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kashewa.

Sai kuma kada ka yi wa yara alkawarin dusa. Tana sauka ne a Jabalul Lauz, dutsen da tsayinsa ya haura mita 2,500, can wajen kilomita 200 bayan Tabuk, kuma sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ta narke. Ni sau uku na je da niyya, sau ɗaya na tarar.

In ka tsayar da rana ka taɓa ni, ina da farwa biyu a ajiye. Ɗaya na ɗan warin hayaƙi, amma ta fi ɗumi.