Alhaji, nawa gidanka ke ci a wata?

Wani mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Maradi ya aiko da wannan: "'Ya'yana shida, uwargida tana da cikin na bakwai, ga ɗan ƙanena ina riƙo. Cinikina a rana yakan kai jika 100 na sefa, amma wata ba ya ƙarewa sai na ci bashi. Nawa ya kamata mutum ya riƙa samu kafin ya iya riƙe gida irin wannan? Abokina ya ce in zuba jika 500 a wata harka ta waya, wai kuɗi na ninkawa cikin wata uku."

Alhaji, ka faɗi cinikinka, ka faɗi yawan yara, amma ba ka faɗi ribarka ba, ba ka faɗi abin da gidanka ke ci ba. Ba mantuwa ka yi ba, ba ka san su ba ne. Ciwon kenan.

Ba zan ce maka ga adadin 'ya'yan da za ka haifa ba, wannan ba hurumina ba ne. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Maradi ya haura takwas, don haka gidanka ba wani abin mamaki ba ne. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, na yarda. Amma akwai ma'aikacin da ke riƙe da iyali da albashin da bai wuce jika 42 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024, kuma yana iya gaya maka inda kowace dala ta tafi. Kai da jika 100 ke ratsa hannunka kullum ba ka iyawa.

Mu ɗan ƙiyasta. Shinkafa, sukari, mai da taliya ba kayan riba mai kauri ba ne. In ka samu shida cikin ɗari ka gode Allah. Cinikin miliyan 3 a wata kenan, riba wajen jika 180, tun ba a cire hayar shago, haraji, haƙƙin yaron shago da bashin da ba zai dawo ba. Gida mai baki goma yakan ci tiya biyu ta gero a rana, buhu ɗaya da rabi a wata, ka sa jika 40, ya fi haka in damina ta yi nisa. Cefane, in ana ba da 2,500 kullum, jika 75. Ice ko gawayi, ruwa, wuta, sabulu, da dala ashirin-ashirin ta karin kumallon 'yan lakwal, ka sa 35. Mun kai 150 ba wanda ya yi ko atishawa.

Sai waɗanda ba sa zuwa kowane wata, su ne masu karya ɗan kasuwa. Komawa lakwal a Oktoba tana faɗowa daidai lokacin da masassarar damina ke kwantar da yara biyu uku a tare. Tun 2006 aka ce kula da 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma in magani ya yanke takarda za a miƙo maka ka je ka saya. Ga azumi, ga ɗinkin salla na yara bakwai, ga ragon layya, bana kuma ga ragon suna. In ka raba su a wata 12, da wuya su gaza jika 50. Amsar tambayarka kenan: wajen jika 200 a wata, in gidan naka ne ba haya ba. Ribarka ba ta kai ba. Cikon daga uwar kuɗi yake fita, kana cin irin shuka kana ce masa tuwo.

Na san wani mai shago da ya yi irin wannan tafiyar. Yaro ya zo daga gida, a buɗe akwati a ba shi. Uwargida ta aiko a ɗebo shinkafa kwano biyu da galan na mai, ba a rubuta ba, ai namu ne. Da kaya suka fara ja baya, sai ya riƙa jera kwalayen taliya da babu komai ciki har rufi, don kada maƙwabta su gane. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 ya rufe shago, har yau yana cewa rufe iyakar Ɗan Isa ne ya kashe shi. Maƙwabtansa na dama da hagu iyakar nan ce ta rufe musu, sun sha wuya, an sake rufe ta a 2023, suna nan suna buɗe shago.

Batun abokinka kuwa, ba zan ɓata tawada ba. Wace haja ce ake saye ake sayarwa ta ninka cikin wata uku? Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, ran da sababbi suka daina shigowa lambar waya ta mutu. Kuma jika 500 ɗin ma na masu ba ka kaya ne.

Ka sayi kaye biyu na rubuta lissafi. Ɗaya na shago, ɗaya ka ba uwargida ko babban yaronka ya riƙa rubutawa. Ko ƙwayar magi ce ta bar shago zuwa gida, a rubuta ta da farashin da kake sayar wa baƙo. Ka yanka wa kanka albashi, ka ɗauka sau ɗaya a mako, hannunka kada ya sake komawa akwati. Ƙanenka kuma ka gaya masa kayan lakwal ɗin ɗansa nasa ne, riƙo ba ya hana wannan. Da kaka, in da hali, ka sayi geron rabin shekara ka ajiye.

Ka yi haka wata uku, ranar ƙarshe ka ƙirga kayan shago kwali-kwali, ka cire bashin da ake bin ka, sannan ka sake rubuto mini da lambobin. A nan za mu ga ko gidan ne zai rage ci, ko shagon ne ke neman wata hajar mai riba.