Gas na Tsatsowa Daga Ƙasa: Akwai Mai a Wurin?

Tambaya: Malam, na karanta cewa akwai wuraren da iskar gas ke tsatsowa daga ƙasa har ta kama da wuta. Shin ke nan in an haƙa rijiya a daidai wurin za a tarar da man fetur? Daga wata ɗalibar kimiyya.

Amsa: 'Yata, wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a yi asarar kuɗi. Abin da ke raba biyun shi ne fasalin duwatsun da ke ƙasa.

Mai da gas suna samuwa ne can cikin ƙasa, inda zafi ya dafa ragowar ƙananan halittu da laka ta binne tun miliyoyin shekaru. Da yake sun fi ruwa rashin nauyi, kullum sama suke nema, suna kurɗawa ta ƙofofin dutsen yashi ko dutsen farar ƙasa. Ba sa tsayawa sai sun ci karo da murfi, wato shimfiɗar laka da ta zama dutse ko ta gishiri. Idan shimfiɗun nan sun lanƙwasa kamar ƙwarya a kife, sai gas ya taru a ƙololuwa, mai a ƙarƙashinsa, ruwa a can ƙasa. Wannan tarkon shi ake nema.

To ina gas ɗin da kika ji labari ya fito? Galibi ta tsaga. Inda duwatsu suka karye suka goce, ko inda lanƙwasa ta yi tsanani har murfin ya tsattsage, nan gas ke samun hanya. Kuma tsaga ba kasafai take miƙewa tsaye ba, a karkace take tafiya. Saboda haka wutar da ake gani a sama tana iya yin nisan kilomitoci da tarkon da ya haife ta. Wani lokacin ma murfin ya daɗe da lalacewa, abin da ke fitowa ragowa ce.

A Baba Gurgur, kusa da Kirkuk a Iraƙi, wuta ta daɗe tana ci a ƙasa tun zamanin da, kuma a Oktoban 1927 rijiyar da aka haƙa a yankin ta yi ambaliyar mai. An dace ne domin wutar tana kan wata doguwar lanƙwasa mai murfin gishiri. Ghawar ta Saudiyya kuwa, wadda ta fi kowace taskar mai ta kan tudu girma, a 1948 aka gano ta ta hanyar bin fasalin lanƙwasar ƙasa. A Yanartash ta Turkiyya duwatsu na ci da wuta har yau, amma gas ɗin yawanci daga haɗuwar ruwa da wasu duwatsu yake, ba daga taskar mai ba.

Shi ya sa nake jin haushin masu ruɗar mutane da fitilar wuta a bakin rami. Ko fadama tana fitar da metan, wato iskar gas mai kamawa da wuta, daga ruɓaɓɓen ganye. Masana sukan ɗebi gas ɗin su kai ɗakin gwaji: in an ga etan da furofan, wato wasu nau'o'in gas da suka fi metan nauyi, tare da metan, alama ce daga zurfi ya taso. Daga nan sai a aika sauti cikin ƙasa, a zana hoton shimfiɗun daga amsa-kuwwarsa, a bi tsagar har inda ta samo asali, a duba ko murfin da ke can bai fashe ba. A nan ake kafa injin haƙa.