Digiri na biyu kan farfaɗo da muhalli: ina ake yi, kuma akwai aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne a Legas, na karanta labarin ƙasa, na kuma gama bautar ƙasa. Ina son yin digiri na biyu kan kare muhalli da gyaran ƙasar da ta lalace, amma kawuna ya ce karatun dashen itace ne kawai, ba ya kawo abinci. Ina zan yi shi, kuma akwai aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kada ka ga laifin Kawu, abin da ya saba gani a talabijin ke nan: manya sun zo da babbar riga, an dasa dogon yaro, an ɗauki hoto, kafin wata uku awaki sun cinye. Karatun da kake nema shi ke gano abin da ya kashe itacen, da yadda za a yi na gaba ya rayu.

Sau da yawa ma ba dashe ake buƙata ba. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina sassabe tohon da ke fitowa daga kututturen gawo da kalgo. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran, su tsare su daga dabbobi. Da wannan kaɗai itatuwa suka dawo a hekta kusan miliyan 5. A fadamar Haɗejiya da Nguru kuwa matsalar ruwa ce: madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga uku. Mai gyara wannan sai ya san ƙasa da ruwa, ya iya zana taswira a kwamfuta da hotunan tauraron ɗan adam, ya iya ƙididdiga, ya kuma iya zama ƙarƙashin bishiya da manomi da makiyayi har su daidaita.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara zaɓar irin wurin da kake son gyarawa, sannan makaranta. In gaɓar teku ce, Jami'ar Legas da ke Akoka a bakin ruwa take, ga kainuwa ta rufe hanyar jiragen Ikorodu, ga fadamun Lekki ana cike su da yashi ana gini. In daji ne, Jami'ar Ibadan ta daɗe a fannin gandun daji, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa ma a garin take. In namun daji da tsuntsaye ne, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke aiki da Jami'ar Jos. Galibi ana neman digiri mai daraja ta biyu da takardar bautar ƙasa. Mai HND yakan fara da difloma ta gaba da digiri.

Aiki akwai, sai dai yawancinsa na kwantiragi ne, kuma ba albashin kamfanin mai ba ne. Tun dokar 1992 manyan ayyuka sai an tantance illarsu ga muhalli, kamfanonin da ke wannan tantancewa kuwa sun cika Legas. A Arewa ga hukumar shingen itatuwa na hana kwararowar hamada mai aiki a jihohi 11, ga shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya a jihohi 19 da Abuja. Hausarka a nan jari ce.

Kafin ka sayi fom, je Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda aka kafa a 1990 kan hekta 78. Kada ka tsaya a hawa gadar saman itatuwa da kallon birai kamar 'yan yawon buɗe ido. Tambayi ma'aikata ko suna karɓar masu aikin sa kai. In daga baya ka nemi tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya, sai ka nuna shaidar aikin shekara 2, kuma na sa kai ma ana lissafa shi.