Nama ya fi ƙarfin aljihuna a Ingila, ko wake zai riƙe ni?

Wani ƙanina ɗan wajen Ringim da ke karatun digiri na biyu a Manchesta ya turo min saƙo daren jiya, ga shi a taƙaice: "Yaya, kuɗin haya ya cinye ni, awa 20 kawai nake aiki a sati, ga Inna da yara suna jiran abin da zan turo. Na yanke in daina sayen nama gaba ɗaya amma ina tsoron kar jiki ya ba ni kunya don aikin sito nake, ɗaukar kaya ne. Kuma duk sanda Inna ta gan ni a bidiyo sai ta ce na rame. Ya zan yi?"

To ƙanena, wallahi sai da na yi dariya kafin na fara tausaya maka. Kai da ka tashi a gidan da ba a ganin nama sai ranar kasuwa ko suna ko Babbar Sallah, yau kai ne kake tambaya ko mutum zai rayu babu nama? Su Baffa da ke wuni suna huɗa tun hantsi har la'asar me suke ci, ba tuwon dawa miyar kuka ba ne da daddawa, da rana a kai musu ɗan wake ko fura gona? Cin abinci babu nama ɗin nan da Turawa suka yi wa suna suke rubuta littattafai a kai, mu talauci ne ya koya mana shi tun muna yara.

Ni ba rashin naman nake jiye maka ba. Abin da ke kayar da ɗan ci-rani shi ne burodi da shayi da safe, indomi da dare, gobe ma haka, jibi ma haka. Na yi wannan rayuwar a shekarata ta farko a can, ciki a cike amma in na hau bene hawa biyu sai na tsaya ina haki kamar tsohon jaki, ashe jini ne ya yi ƙasa. In za ka cire nama to dole wani abu ya zauna a gurbinsa, kuma abin nan wake ne.

Ka shiga shagon 'yan Pakistan ko Indiya, ka wuce ƙananan ledoji ka nufi manyan na kilo biyu ko biyar. Farin wakenmu mai baƙin hanci yana nan, ga adas, wani ɗan mitsitsin wake da duk wanda ya zauna Makka ya san shi, jan nan ba ya buƙatar jiƙo, minti 20 ya narke ya zama miya. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa furotin ne, wato abin gina jikin da kake nema a nama, in ka haɗa shi da shinkafa kuwa sai su cike wa juna giɓi, ka ga garau-garau ɗin da ake raina mu da shi ba abincin banza ba ne. Ka jiƙa waken tun dare don kar gas ya cinye ribar, ka dafa babbar tukunya ranar da ba ka da aiki, ka raba a robobi ka jefa firiza. In kanwa ta gagara, ɗan garin bekin soda kaɗan yana yin aikinta. Sai dai jan wake babban nan mai kama da ƙoda, shi a kula, sai ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, in bai dahu ba zai sa ka amai da gudawa.

Miya kuma ba ta da wuya. Gyaɗa niƙaƙƙiya ta kwalba da suke shafa wa burodi, ka duba wadda ba a sa wa suga ba, cokali uku a tumatirin gwangwani da albasa da attaruhu, ka zuba ganyen firiza mai kama da alayyahu, miyar gyaɗa ta haɗu. Kuɓewa ma akwai a firiza a yanke. Garin shinkafa ko samolina ka tuƙa tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki da na je shi ne tofu, na daɗe ina wuce shi a kanti ina cewa abincin 'yan Chaina ne, ranar da na saya na yanka na soya na barbaɗa yaji sai na ga ashe awara ce, awarar nan dai da yara ke tallanta a bakin makaranta, waken soya ne duka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Akwai bitamin B12, shi ba a samunsa a wake ko hatsi ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da madara. Mu a gida nonon Fulani da ake dama fura da shi ne ke rufa mana asiri ba mu sani ba. Ƙarancinsa ba ya nunawa da wuri, sai an jima mutum ya fara jin kasala da tafin ƙafa yana masa kamar ana tsira allura. Don haka kar ka biye wa masu cewa ko ƙwai da madara ba sa taɓawa, su suna shan ƙwayarsa ne, kai kuma tsimi ya kai ka ba aƙida ba. Ƙwai biyu a rana, yogot maras suga, kifin gwangwani sau ɗaya ko biyu a sati, sun wadatar. Kuma ka raba shayi da abinci, shayi na hana jiki jan sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, lemo ko tumatir kuwa taimaka masa suke. Hukumar lafiyarsu ma tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a lokacin sanyi, masu baƙar fata irinmu har duk shekara, don ranarsu ba rana ba ce. In kasalar ta ƙi tafiya je ka wajen likitanka a auna jini, ai ka biya kuɗin lafiya tun wajen neman biza.

Af, alamar V da ke jikin kaya tana nufin babu nama babu kitsen alade, amma ba ta ce babu giya ba, ka dinga karanta bayan kwalin.

Maganar awa 20 kuma, na san inda zuciyarka ke zuwa. Za a samu wanda zai ce ka zo ka yi ƙarin awanni a biya ka a hannu ba wanda zai sani. Kar ka soma. Sharaɗin bizarka ce muddin ana zangon karatu, in aka kama ka takardar ce za ta tafi, kuɗin makarantar da aka sayar da gona aka biya ya bi ruwa. Lokacin hutu doka ta ba ka dama ka yi cikakken aiki, a nan za ka rama.

Su Inna kuma ka gaya musu gaskiya, ka yanka musu abin da za ka iya duk wata ko kaɗan ne su san shi suke jira, ya fi ka turo da yawa wannan watan wata mai zuwa ka kashe waya. Kuma don Allah ka hana ta ɗaura wa mai zuwa kilishi ko dambun nama ko man shanu, an hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a zubar. Wake ma kar ta wahalar da kanta, a 2015, lokacin Ingila na cikinta, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda piya-piyan da 'yan kasuwa ke zuba masa, kuma ga shi nan birjik a inda kake. Kuka da daddawa kana samu a shagon 'yan Afirka, tsada kam akwai amma ƙulli ɗaya yana kai ka wata biyu.

Ran Juma'a in za ka kira ta, ka tuƙa tuwo tukun, ka kaɗa miyar kuka, ka ajiye kwanon a gabanka ka juya mata kyamara ta gani da idonta. Zan leƙa gidan ran kasuwa in ji me ta ce.