Amsa ga 'yar'uwar da ke neman dilan kayan kyaututtuka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki: kin buɗe ƙaramin shago na kayan kyaututtuka da ƙananan kayan ƙawa, diloli uku sun turo miki jerin farashi, ɗaya ya fi sauran araha nesa ba kusa ba amma sai kin ɗauki katan-katan na abu iri ɗaya, kina so a faɗa miki wanda za ki bi. Na ga wasu sun ce ki bi mai araha kawai tunda riba ake nema. Ni dai na daɗe ina saro irin waɗannan kaya, kuma ba haka zan ba ki shawara ba.

Kayan kyauta ba irin sabulu ko man goge baki ba ne, da mutum zai dawo ya sake saya duk wata ko yana so ko ba ya so. Maƙalin makulli, kofi mai rubutu, firam ɗin hoto, kyandir mai ƙamshi, 'yar tsana, fitila mai canza launi, duk ido ne ke sayensu. Mutum ya shigo bai san abin da yake nema ba, ya ga wani abu ya burge shi, ya ciro kuɗi. Wanda ya sayi kofi mai hoton mage yau ba zai sake sayen irinsa ba, kuma idan ya dawo bayan wata ɗaya ya tarar kantarki tana nan yadda ya bar ta, ba lallai ya sake dawowa ba. Saboda haka abin da ke karya irin shagonmu ba tsadar sari ba ce, kwantai ne. Kuɗinki suna kwance a cikin kwali a sito, ga sabon kaya ya fito ba ki da abin ɗaukowa.

Ki tuna abin wasan nan da ake juyawa a tsakanin yatsu, wanda ya cika duniya a shekarar 2017. Ya tashi cikin 'yan watanni, kowane yaro yana so, kafin shekarar ta ƙare yayinsa ya wuce. Waɗanda suka ɗauki kaɗan-kaɗan daga dila na kusa suna komawa duk mako sun ci riba sun wanke hannu. Waɗanda suka ga ana rububi suka yi odar dubbai ta jirgin ruwa don su samu rahusa, kayan sun iso ne bayan kasuwar ta watse. Haka aka sake yi da robar nan mai ƙwayoyi da ake dannawa a 2021. Duk mai wannan sana'a zai ga irin wannan sau da yawa, kuma ba wanda ya san ranar da yayi zai mutu.

Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa kowane dila ba "nawa?" ba ce. Ina tambayarsa ne mafi ƙarancin adadin da zai sayar min na kowane samfuri, da kuma ko zai yarda ya gauraya min katan ɗaya. Ki yi lissafin da kanki. Katan mai guda 240 na zane ɗaya, kin sayar da 60 cikin wata biyu, saura 180 suna kallonki. Ko da an ba ki ragin kashi 25 cikin ɗari, uwar kuɗinki ba ta dawo ba. Wani dilan kuma ya ba ki zane 20, dozin ɗaya-ɗaya, a farashi mafi tsada. Cikin wata guda za ki gane biyar ɗin da ke tafiya da biyar ɗin da ba a ko taɓawa, ki koma ki ƙaro masu tafiyar. Tsadar da kika biya a kan kowane guda, kuɗin sanin kasuwarki ne kika biya. Idan wani samfuri ya tabbata yana fita duk wata ba fashi, a lokacin ne za ki waiwayi mai katan-katan ɗin, a kan wannan samfurin kaɗai.

Tambaya ta biyu tana manne da ta farko: idan kaya ya ƙare min, kwana nawa kafin ka kawo wani, kuma zai zo iri ɗaya? Akwai dilan da kayansa na sa'a ne, ya sayi ragowar kwantena ya rabar, ya ƙare shi ke nan. Ba laifi ba ne, ana samun abin arziki a wurinsu, amma ba za ki gina shago a kansu ba.

Yana da kyau ki san inda kayan suke fitowa, don kada wani ya ruɗe ki da cewa shi kaɗai ke da su. Kaso mai yawa na ƙananan kayan da ake sayarwa a shagunan kyauta a duniya ta birnin Yiwu na lardin Zhejiang a ƙasar Sin suke bi, inda babbar kasuwar sari take da rumfuna fiye da 70,000. Kayan wasan yara na roba kuwa yankin Chenghai na birnin Shantou a lardin Guangdong ne cibiyarsu. Manyan diloli suna zuwa baje kolin Canton a Guangzhou, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Wasu kuma ba sa zuwa ko'ina, a shafukan sari na intanet suke oda, wato a Alibaba, ko a 1688 ta hannun wakili. Ma'anar wannan a gare ki ita ce, mai yiwuwa dilolin nan uku naki daga tushe ɗaya suke ɗauka. Idan farashin ɗaya ya faɗi ƙasa warwas, akwai dalili. Ko dai adadi yake tura miki, ko tsohon kaya ne yake son rabuwa da shi, ko kuma abin da ke hoto daban, abin da ke kwali daban. Masana'anta ɗaya tana iya yin abu ɗaya kala uku: mai kauri, matsakaici, da mai shara-shara, duka da hoto guda. Araha ba ta ado.

Don haka kada ki taɓa sayen katan a kan hoto. Ki biya kuɗin samfur, ki riƙe shi a hannu. Ni idan kofi ne, ina sa farce in kankare rubutun a gefe, in wanke shi da ruwan zafi, in kifa shi a kan tebur in ga ko bakinsa ya zauna daidai. Idan 'yar tsana ce, ina jan idon da ƙarfi, in ja ɗinkin hammata, in shinshina. Roba mai warin fetur ba ta shiga shagona, domin wanda aka ba kyautar shi zai fara jin warin yana buɗe takarda. Abin da ke amfani da batir kuma ina kunna shi in bar shi ya kwana. Sannan ki ajiye samfurin nan, kada ki sayar. Ranar da katan ya iso, shi za ki ɗora kusa da abin da aka turo. Samfur kusan kullum yana da kyau, ai zaɓo shi aka yi. Ainihin jarrabawar ita ce oda ta biyu da ta uku, lokacin da dila ya ga kin saki jiki.

Sai maganar fashewa, wadda a ganina ita ke nuna halin dila fiye da komai. Gilashi, tangaran, madubi, agogon tebur, dole wani ya fashe a hanya. Tun kafin ki biya ki tambaye shi a rubuce: idan na buɗe na tarar da fasasshe, me za ka yi, kuma cikin kwana nawa zan kawo ƙorafi? Nagari zai ce ki turo hoto ko bidiyo cikin kwana kaza, ya cire miki a oda ta gaba ko ya musanya. Wanda ya ce "kayanmu ba sa fashewa" ya riga ya ba ki amsa. Akwai wani dila da na taɓa hulɗa da shi, kayansa masu kyau ne ƙwarai, amma katan ɗinsa mai fallen kwali ɗaya ne, ba abin tsare tsakanin kofi da kofi sai takarda 'yar siririya. Da na nuna masa hannayen kofuna a zube a gindin katan, cewa ya yi in nemi direba. Direba ya ce in nemi wanda ya ɗaure kaya. Tun daga nan nake kunna kyamarar waya kafin in yanka salatif, in nuna lambar katan, in ƙirga a gaban kyamara. Yana kashe gardama tun ba ta fara ba. Ki kuma duba ko kowane abu yana zuwa da ɗan akwatinsa, domin kyauta marar akwati rabin daraja gare ta, kuma akwatin da ya lotse sai kin yi ragi ko da na ciki lafiya lau yake.

Idan har za ki yi oda daga waje da kanki, farashin da kika gani a shafi ba shi ne farashin ba. Ki tambaya a ina alhakin mai sayarwa ya tsaya, akwai gajerun kalmomin da suke rubutawa don nuna hakan. EXW na nufin daga ƙofar masana'anta komai naki ne. FOB na nufin shi zai ɗora miki kaya a jirgi, daga nan ke ce. DDP har ƙofarki, da kuɗin fito a ciki. Kayanmu kuma suna da wata matsala: ba nauyi amma ga cin wuri. Masu dako ta jirgin sama suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 6000, wasu kamfanonin aike da 5000, su kwatanta da ainihin nauyin, su caje ki a kan wanda ya fi yawa. Katan ɗin manyan 'yan tsana na auduga zai iya cin kuɗin dako fiye da kuɗin sayensa. Abu mai batirin litiyam, ko ruwa, ko maganaɗisu, yana da nasa ƙa'idojin a jirgin sama, wasu masu dakon ma ba sa karɓa. Ga ƙaramin shago da bai daɗe da buɗewa ba, ni ban ga dalilin shiga wannan wahalar ba. Dila na cikin ƙasa ya riga ya sha ta, ribar da ya ɗora ladan wahalarsa ce.

Lokaci ma abin lura ne. Masana'antun Sin suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma aiki ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Akwai wani hutun na mako guda a farkon Oktoba. Dilan da ya san aikinsa zai kira ki tun da sauran watanni ya ce ki faɗi abin da kike so na lokacin bukukuwa. Kayan biki da ya iso kwana biyu bayan biki, sai baɗi, in ma yayinsa bai wuce ba.

Abu biyu ba na wasa da su. Na farko, duk abin da zai shiga hannun yaro. Ki duba murfin batir, ya kasance da sukurun da ke riƙe shi, domin ƙaramin batir mai kamar maɓalli idan yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi su ma haka, idan aka haɗiye biyu suna manne hanji. A Turai ma'aunin kayan wasa shi ne EN 71, a Amurka ASTM F963. Tambarin CE, wato alamar cewa kaya sun cika ƙa'idar Turai, a jikin kwali kaɗai bai isa hujja ba, kowa na iya buga shi, ki nemi takardar gwaji mai ɗauke da sunan samfurin. Na biyu, kaya masu hoton Disney ko tambarin manyan ƙungiyoyin ƙwallo. Suna tafiya kamar me, na sani, amma idan dila ba shi da lasisi jabu ne, jami'an kwastam na iya ƙwacewa, kuma a shagonki za a same su, ba a sitonsa ba.

Wajen biya, sabon dila ba ya samun kuɗina duka a gaba. A odar waje abin da aka saba shi ne kashi 30 kafin alƙalami, saura 70 kafin a ɗora kaya. Sunan asusu ya dace da sunan kamfanin da ke kan rasit. Idan saƙo ya zo cewa "mun canza asusu", ki kira lambar da kika sani tun da, kada ki amsa ta cikin saƙon, wannan tsohuwar damfara ce. A Alibaba kariyar da suke kira Trade Assurance tana aiki ne idan kin biya ta cikin shafin, kina fita waje kin zubar da ita. Bashi kuma, idan dila ya fara ba ki, ki lura da abin da yake cusa miki a ciki. Sau da yawa kayan da suka ƙi tafiya a wurinsa ne suke zuwa da "ɗauki kawai, kya biya daga baya".

Wata tambayar da mutane ke jin nauyin yi: shi dilan yana sayar da ɗai-ɗai ga jama'a? Idan yana tallar kaya iri ɗaya a Facebook ko Instagram a farashin da ya kusa na sari, kwastomanki zai gani a wayarsa yana tsaye a gabanki. Ki kuma tambaya ko shagunan da ke kusa da ke a wurinsa suke ɗauka. Wasu diloli suna yarda su keɓe miki zane biyu ko uku, in kin nema.

Game da ukun nan naki, kada ki zaɓa yanzu. Ki ware abin da ba zai girgiza jarinki ba, ki raba wa biyun da suka yarda da dozin-dozin, ki yi musu oda a rana ɗaya, har da abu guda mai fashewa a cikin kowace. Ki rubuta ranar da kowa ya yi alkawari da ranar da ya kawo, adadin da ya cika da wanda bai cika ba, da yadda ya amsa da kika kai ƙorafi. Shi kuma mai katan-katan, ki ce ya sayar miki da dozin biyu na gwaji ko da a farashi mafi tsada. In ya yarda, ki riƙe lambarsa don ranar da wani samfuri zai kama kasuwa. In ya ƙi, manyan 'yan sari yake nema, kuma shagonki bai kai nan ba tukuna.